Sunan keken bai canza ba, amma firam ɗin ya canza: amsoshin tambayoyinku

*Malam, barka da aiki. Tsawona santimita 177. Ina hawan keken dutse ƙirar 2015, lamba L, kuma ya zauna mini daram. Yanzu ina son sabon fitowarsa, kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma jadawalinsu ya ce M ne daidai da ni. In bi L ɗin da na saba, ko in bi maganarsu?*

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. L ɗin 2015 da L ɗin yau tamkar wa da ƙane ne: sunan uba ɗaya suke amsawa, amma rigar wannan ba ta yi wa wancan. Harafin nan da ke manne a jikin firam ba awo ba ne, laƙabi ne kawai, kuma kowane kamfani yana sauya ma'anarsa duk lokacin da ya sake ƙira.

Tun ƙarshen shekarun 1990 Gary Fisher, wani mai kamfanin keke a Amurka, ya fara ƙera keke mai dogon gaba da gajeren wuya. Wajen 2013 kamfanin Mondraker na Sifen ya ja abin har ya ba mutane mamaki, sauran kuma suka bi sahu kaɗan-kaɗan, fitowa bayan fitowa. Cikin shekara goma gaban keke ya yi tsawo, fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba, ya ƙara kwanciya daga wajen digiri 68 zuwa 65 ko ƙasa da haka, bututun sirdi ya miƙe tsaye daga wajen digiri 73 zuwa 77, wuyan da ke riƙe kan keke, wato sitiyari, kuma ya gajarta daga milimita 70 ko 80 zuwa 40 ko 50. Dalilin a fili yake: tayar gaba idan ta yi nisa a gabanka, da wuya ka tuntsura ta kai a gangare mai duwatsu.

Lambar da nake so ka fara nema ita ce wadda masu keke ke kira ric, ni kuwa ina ce mata miƙa. Ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar gindin feda da tsakiyar saman bututun gaba, wato gajeren bututun firam da fok ke ratsawa, idan aka auna a kwance. Ita ke gaya maka yawan filin da kake da shi idan ka tashi daga sirdi ka tsaya kan feda, wanda shi ne yanayinka a duk wurin da hanya ta yi muni. A kekunan irin naka na 2015, miƙar L ba ta cika wuce milimita 440 zuwa 450 ba. A yau M ma yakan kai 450 zuwa 460, L kuwa yana wajen 475 zuwa 485. Ka ga ke nan M ɗin yau ya kamo L ɗinka, wataƙila ma ya ɗara shi.

Kada ka yarda da ni kai tsaye, auna naka. Ka kai keken inda ƙasa take a daidaice, ka tsayar da shi cak, tayar baya na taɓa bango. Ka ja tef daga bango zuwa tsakiyar gindin feda, ka rubuta. Ka sake ja daga bango zuwa tsakiyar saman bututun gaba, wato ƙasan zobban da ke ƙarƙashin wuya, ba saman wuyan ba. Ka cire ta farko daga ta biyu, miƙarka ke nan. Sai ka auna wuraren nan biyu daga ƙasa, bambancinsu shi ne tsayin gaba, wanda ake kira sitak. Ka samu wanda zai riƙe maka keken, domin in ya ɗan karkata, milimita goma za ta ɓace maka ba ka sani ba.

Tsayin gaba ba abin rainawa ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tunda bututun gaba a karkace yake zuwa baya, duk zoben milimita 10 da ka ƙara a ƙarƙashin wuya yana cinye maka kimanin milimita 4 na miƙa. Saboda haka keke biyu masu miƙa ɗaya, wanda gabansa ya fi tsayi shi ne ya fi girma a hannunka.

Akwai wani abu da zai ba ka mamaki ranar gwaji. Za ka hau sabon L, ka zauna, ka ji kamar bai fi tsohonka tsawo ba. Kada wannan ya yaudare ka. Idan tsayin sirdinka daga gindin feda ya kai milimita 700, miƙewar bututun sirdi daga digiri 73 zuwa 77 ta turo ka gaba da kusan milimita 47, wuyan kuma ya gajarta. A zaune an janye tsawon da aka ƙara. Sai ka miƙe tsaye a kwana mai tsauri sannan za ka ji tsawon ya bayyana, hannu ya miƙe, nauyinka ya bar tayar gaba, ita kuma ta fara sulɓewa. Na sha ganin wannan ga waɗanda suka riƙe harafinsu na da: a miƙaƙƙiyar gangara suna murna, a kwana kuwa keken ne ke jan su.

Da ni ne kai, M zan ɗauka. Zan koma L ne kawai idan yawancin hawana gudu ne a gangara mai faɗi, kuma hannuwana sun fi na masu tsawona tsawo. Wasu kamfanoni ma sun gane ruɗanin, Specialized ta koma kiran nata S1 zuwa S6 don mutum ya daina ɗaure kansa da harafi.

*Malam, ni mace ce, tsawona santimita 158. An nuna mini keke biyu lamba S, ɗaya na 2016 mai taya inci 27.5, ɗaya sabo mai inci 29. Ina tsoron sabon ya fi ƙarfina.*

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, amma ba girman taya kaɗai za ki duba ba. A wuri ɗaya ma sabon ya fi tsohon tausaya wa mai gajeren tsawo. Tun da sandar sirdi mai sauka da tashi ta zama ruwan dare, kamfanoni suka gajarta bututun sirdi don sandar ta samu wurin nutsewa. Tsohon firam yakan zo da dogon bututu, sirdi ya ƙi sauka yadda kike so, ya riƙa dukan cinya a gangare. Ki sauke sirdin kowannensu har ƙarshe, ki tsaya a kan feda, ki durƙusa, ki ji wanne ya ba ki fili.

Inda inci 29 ke takura wa shi ne wuri biyu. Gaba yakan yi tsayi, kan keke ya ƙi sauka daidai da ke ko an cire duk zobba. Sannan a gangara mai tsananin tsayi, idan kin ja jiki baya, babbar tayar baya takan goge ki. Shi ya sa wasu kamfanoni har yanzu suke sa 27.5 a ƙananan lambobi, wasu kuma suke haɗawa, 29 a gaba, 27.5 a baya. In kin samu sabuwar ƙira mai ɗayan biyun nan, ita zan zaɓar miki a kan duka biyun da aka nuna miki. Kan keke kuwa kada faɗinsa ya dame ki. Yakan zo da milimita 780 ko 800, kuma ana yanke shi.

*Na samu firam na hannu ƙirar 2014. Zan iya kwashe kayan kekena na 2021 in ɗora masa, in sa dogon fok don ya zama kamar na zamani?*

Fara da auna tsakanin ƙafafun firam na baya, inda cibiyar taya ke shiga. Wajen 2015 aka fito da ma'aunin Boost, faɗin cibiyar tayar baya ya tashi daga milimita 142 zuwa 148. Tayar 148 ba ta shiga firam ɗin 142, ko ka matsa. Na taɓa sayen firam a hannun wani, na share shi, na jera kayan aiki, sai da na ɗauko tayar baya na ga milimita 6 sun tsaya tsakanina da hawa. Ka kuma duba girman taya, don firam ɗin 2014 na iya zama na inci 26, da kaurin sandar sirdi, da ko akwai hanyar wayar sanda mai sauka da tashi.

Batun dogon fok, ƙarin milimita 20 yana kwantar da gaba da kimanin digiri 1. Sai dai yana ɗaga gindin feda, ya ƙara kwantar da bututun sirdi, ya kuma rage miƙar da dama can ba ta isa ba, a hawan tudu gaba ya riƙa tashi. Kada ka wuce iyakar tsawon fok da kamfanin ya rubuta wa firam ɗin, domin nauyin ƙarin a kan haɗin bututun gaba yake sauka.