Me ya sa hankalina yake kwanciya in na je ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kusan shekara biyu kenan ina fama da yawan tunani, bacci ba ya zuwa sai gab da asuba, abu kaɗan na fusata. Amma duk sanda na je gida ƙauye, da daddare na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina kallon taurari, sai na ji kamar an sauke min kaya, wani lokacin har hawaye su zubo ba dalili. In na dawo gari kwana uku abin ya dawo. Gaske ne ko ni nake raya wa kaina? Kuma zai ishe ni ba sai na je asibiti ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba ka lafiya. Gaske ne, ba kai kake raya wa kanka ba. Abin da kake ji a kan tabarmar nan shi ne abin da yake kama mutum in ya tsaya gaban abin da ya fi ƙarfin tunaninsa, tsikar jiki ta tashi, baki ya mutu, sai dai kawai ka ji ka ce Subhanallah. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Dacher Keltner da Jonathan Haidt, sun yi bayaninsa a 2003, suka ce abu biyu ne ke haɗuwa, girman abin da ka gani, da kuma yadda ƙwaƙwalwa ta rasa inda za ta ajiye shi har sai ta buɗa. Mu dai tun muna yara malamai suke kiran irin wannan zama tafakkuri.

To me ya haɗa shi da yawan tunani? Ka lura, mai yawan tunani kullum kansa yake zagayawa, bashin da ake bina, maganar da wane ya faɗa min, kayan da suka ƙi fita, ya za a yi gobe, haka ƙwaƙwalwar take ta niƙa abu ɗaya kamar injin markaɗe da aka manta ba a kashe ba. Da ka ɗaga kai ka ga sararin da ba shi da iyaka sai kai ɗin ka ƙanƙance, matsalar ma ta ƙanƙance tare da kai. A 2015 a jami'ar Stanford an sa wasu tafiyar minti 90 a cikin ciyayi da bishiyoyi, wasu kuma a bakin titi mai cunkoson motoci, aka ɗau hoton ƙwaƙwalwarsu kafin tafiyar da bayanta. Na cikin bishiyoyin niƙan tunanin nan ya ragu musu, sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da shi ya lafa, na bakin titi kuwa suna nan yadda suke.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na 2020, da aka sa dattawa yawon minti 15 sau ɗaya a sati har sati takwas, aka ce wa rabinsu su riƙa neman abin al'ajabi a hanya, kuma kowa ya ɗau hoton kansa. Waɗanda aka ce su lura ɗin nan, a hankali fuskarsu ta riƙa raguwa a hoton, bishiya da sama suna cinye wurin, murmushinsu kuma yana ƙaruwa. Ka ga kenan ba fitar ce kaɗai ba, inda ka kai idonka shi ne. Wanda ya je bakin dam ɗin Tiga ya zauna yana latsa waya yana lissafin ciniki, ai da shagonsa ya tafi.

Yawan lokacin kuwa, wani bincike a Ingila a 2019 a kan mutum kusan 20,000 ya nuna masu samun minti 120 a sati a wuraren ciyayi da bishiyoyi sun fi cewa suna cikin lafiya da natsuwa, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Sai dai tambayar mutane aka yi, kuma mai lafiya dama shi ya fi fita, don haka kar ka riƙe lambar kamar awon magani. Kuma ba sai ka nausa daji ba, balle yadda hanyoyi suka zama yanzu. Ka hau Dutsen Dala bayan sallar asuba ka ga gari yana farkawa a ƙarƙashinka, ko daren da aka ɗauke wuta ka fito waje ka bar wayar a ɗaki, ko ka tsaya ka kalli hadari yana haɗowa daga gabas in damina ta faɗi.

Amma tambayarka ta biyu, a'a, ba zai ishe ka ba. Shekara biyu ba bacci ga saurin fushi, wannan ya wuce gajiyar kasuwa, zai iya zama ciwon damuwa ko na fargaba, wani lokacin ma hawan jini ko matsalar thyroid (ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) suna zuwa da irin haka, sai an duba ka ido da ido. Ka je sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace, ƴan kasuwa da ma'aikata irinka muke gani kullum. In kuwa ka taɓa jin gara ma ka mutu ka huta, kar ka jira sati, ka faɗa wa wani naka yau ya raka ka. In ka je ka ba likitan labarin tabarmar nan ma, zai so ya ji.