Bargon da ake bayarwa a farkon ɗari

Ɗana, na ga saƙonka. Na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya ɗan tashi. Ka ce abokanka a Yamai sun tambaye ka dalilin da ya sa gidanmu ke sadakar bargo da gumba duk farkon ɗari, har wani ya ce maka bidi'a ce, kai kuma ka rasa amsa. Laifinmu ne, mu da ba mu zaunar da ku mun gaya muku ba.

Ina da kamar shekara 12 lokacin da na ji dalilin. Wani dare ne na hunturu, muna jin wuta a ƙofar gida, Kawu tsohon soja yana zaune kan buzunsa ya yi shiru kamar kullum. Sai ga wani almajiri ya raɓe jikin danga, riga ɗaya a jikinsa, yana tari har yana dafa ƙirji. Kawu ya miƙe, ya cire bargon sojansa mai ruwan toka, wanda ko matarsa ba ta isa ta wanke ba sai da izininsa, ya naɗe yaron da shi tun daga kai. Ya ce a damo masa kunu mai zafi. Da ya dawo mazauninsa hannunsa na rawa. Ya kalli wuta ya ce, "Haka ƙanena ya riƙa yi." Daren nan ya yi maganar da bai taɓa yi ba, kuma ban ƙara jin ya maimaita ba.

Su biyu aka ɗauka tirayar, wato sojojin Afirka da ke cikin rundunar Faransa. A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, aka kama su. Jamusawa ba su so baƙaƙen sojoji su zauna a ƙasarsu, sai suka tsare su a cikin Faransa, a sansanonin da suke kira Frontstalag. A irinsu aka tsare Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal. Nasu Kawu a ƙauye yake, ɗakunan katako, waya mai ƙaya ta kewaye. Da asuba a kora su daji saran itace, wani lokaci gona tonon dankali, takalmi ya yage, yatsu sun sandare. Ya ce matan ƙauyen kan jefo musu burodi ta saman waya, kuma bai taɓa daina yi musu fatan alheri ba. Ƙanen nasa tari ya kama shi, har ya koma tofar da jini. Bargo ɗaya suke rabawa. Ranar da ya cika babu likkafani, babu wanda ya san alƙibla, ƙasa ta daskare har shebur ba ya shiga da kyau.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne daga 1943 aka sa Faransawa gadinsu, mutanen da suka je yi wa yaƙi. Ga kuma Thiaroye, kusa da Dakar. Ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wuta a kan tirayar da suka dawo daga irin waɗannan sansanoni, don sun nemi haƙƙin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, daga baya aka ce 70, sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda kisan gilla ne. Kawu ba ya cikin wannan ayari, amma labarin ya iske shi. Da ya iso Maraɗi kuma, ambaliyar Gulbi ta 1945 ta riga ta cinye tsohon gari, mutane suna ta gini a tudu. Da tambaya ya gano gidansu.

Inna, mahaifiyarsu, ba ta yi kururuwa ba. Cewa ta yi, "Wanda ba a san kushewarsa ba, tafin hannun mabuƙaci ne kushewarsa." Ta daka gumba, ta sayi bargo. Babana kuwa in an tambaye shi sai ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu kun tashi da waya a hannu, kun san abin da ke faruwa a Amurka, ba ku san sunan kakan kakanku ba. Tsoho ya fara labari sai ku riƙa duba agogo. Ni ma ina da nadama, don Kawu ya yi shekaru bayan daren nan, ban taɓa tambayarsa sunan ƙauyen ba. Kunya ta hana ni.

Batun hukunci, ka je ka tambayi malamai, sun fi ni sani. Ni dai ba mu yanka komai, ba mu tsayar da rana, in iska ta juya kawai muke bayarwa. Bana in ka samu hutu ka zo mu shiga babbar kasuwa tare, kai za ka zaɓi bargon. Lambar soja ta wuyan Kawu tana nan cikin gwangwani a ɗakina, zan ciro maka ka gani.