Me jami'a za ta gyara a horar da sabbin malamai?

An yi tambaya a kan abin da ke sa masu digirin koyarwa daburcewa da zarar sun tsaya gaban aji.

Yawanci ana cika su da ƙa'idoji, sai a ƙarshe a tura su gwajin koyarwa, mai duba su ya leƙo sau ɗaya, ya ba da maki, shi ke nan.

A fara gajeren darasin gwaji tun shekarar farko, irin wanda Jami'ar Stanford ta ɓullo da shi a 1963. Ɗalibi ya koyar da 'yan mutane kaɗan na minti 5 zuwa 10 yana gwada dabarar koyarwa guda, misali yin tambaya. A ɗauki bidiyo, a kalla tare, sannan ya maimaita darasin. Maimaitawar ce ke gyara shi, ita ce kuma aka fi tsallakewa saboda ƙarancin lokaci. A bidiyon za ku ga yana jefa tambaya ya amsa da kansa. A koya masa jiran daƙiƙa 3 zuwa 5 bayan ya yi tambaya.

Malamin makarantar da zai karɓi ɗalibin a gwajin koyarwa shi ma a horar da shi, a rage masa darussa. In ba haka ba, alli zai miƙa masa ya kama gabansa.