Hukuncin soja ya riƙe bindigarsa ta kansa a cikin bariki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni soja ne, ina da ƙaramar bindiga tawa da lasisinta. Dokar barikinmu ta ce a yi mata rajista a bar ta a ma'ajiyar makamai, kuma na sa hannu a kai. Kwanan nan mun yi sa-in-sa da wani abokin aiki, hankalina bai kwanta ba. Wani ya ce mini kāre kai wajibi ne, kuma dokar da ba ta Shari'a ba ba ta hawa kan Musulmi. Ya halatta in riƙa ɓoye ta a jikina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mallakar makami halal ne, kāre rai kuma babu saɓani a kansa. Abin da ya juya hukuncinka shi ne sa hannun da ka yi. Sharaɗi ka ɗauka, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu, don haka ɓoye ta haramun ne, yaudara ce kan amana.

Wanda ya ba ka waccan fatawa bai karanta Sira da kyau ba. A sulhun Hudaibiyya mushirikan Makka ne suka gindaya cewa Musulmi ba za su shiga garin ba sai da takubba cikin kube. Da aka zo Umrar ramuwa a shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya cika musu, sauran makaman aka bar su a wajen gari da masu gadi, alhali garin maƙiya za a shiga. In sharaɗin mushiriki ya ɗaure Manzon Allah, yaya na rundunar da ka shiga da ƙafarka? Kuma takaita makami a wurin taro daga Sunna aka san shi. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin ɗaukar makami a Makka, an kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Shugaba yana da ikon takaita halal saboda maslaha, matuƙar bai yi umarni da saɓo ba. Wane saɓo ne a cikin ajiye bindiga?

Masu cewa da kowa na da tasa da an daƙile hari, su duba sansanin Fort Hood na Amurka. A 2009 an kashe mutum 13, a 2014 aka sake kai hari, kuma duka biyun sojan ciki ne da bindigar da ya saya da kansa. Idan harbi ya ɓarke, masu gadi ba su da hanyar bambance ka da maharin. Ko da ma'aikatar tsaron ƙasar ta sassauta dokar riƙe bindigar kai a bariki a 2016, izinin kwamanda a rubuce ta sharɗanta, na kwana 90. In aka ba ka irin wannan izini, riƙewa ta halatta gwargwadon abin da aka rubuta.

Ranar kai ta ma'ajiya, ka zare gidan harsashi, ka buɗe bindigar ka duba cikinta da ido, domin ɗaya kan maƙale a ciki bayan an zare, shi ne ke tashi lokacin goge ta. Ka kulle ta a akwati, harsasai daban, ka karɓi takarda mai lambar jikinta. Kisan kuskure ma akwai diyya da azumin wata biyu a jere.

Abin da ya fi damuna, ɗan'uwa, shi ne rigimar da ka ambata a gurguje. Ba harin waje kake tsoro ba, mutum ɗaya ne a ranka. Mai fushi da bindiga a ƙugu, Shaiɗan ba ya shan wahala da shi, shi ya sa aka hana ko nuna ɗan'uwa da makami. In barazana ya yi maka, ka rubuta wa kwamandanka yau, ka nemi a raba muku wurin kwana da aiki. In barci ya ƙaurace maka, ka ga likitan bariki, ka kuma sa limaminku ya shiga tsakani. Allah ne mafi sani.