Tambaya da Amsa: Shin Danja Tana Gane Motar Bas?

Tambaya: Ƙanena da ke tuƙa bas a Landan ya ce mini danja tana gane motarsu tun daga nesa ta ba ta hannu. Shin gaskiya ne? Idan kuwa gaskiya ne, ba a tauye haƙƙin sauran direbobi ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, maganar ƙanenka gaskiya ce, sai dai ba kowane lokaci ake buɗe musu hanya ba. Motocin bas na Landan suna ɗauke da wata na'ura mai suna iBus, wadda take sanin inda motar take ta hanyar tauraron ɗan'adam, kuma idan ta doso mararraba sai ta aika wa kwamfutar danja saƙo ta rediyo. Idan fitila kore ce kuma tana dab da sauyawa, sai a tsawaita ta har motar ta wuce. Idan ja ce, sai a rage mata lokaci. Duka ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, ba a kuma taɓa lokacin da aka ware wa masu tsallaka titi da ƙafa. A birane da yawa ma, motar da ta makara kaɗai ake yi wa wannan alfarma.

Batun haƙƙi kuwa, ya danganta da abin da ake ƙirgawa, motoci ko mutane. Bas mai bene tana ɗaukar sama da mutum 80, alhali ƙananan motocin da aka ɗan tsayar yawanci mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, kuma akan rama musu lokacin a zagaye na gaba. A ganina wannan ba zalunci ba ne. Birnin Zurik na ƙasar Suwizalan ya yi nisa a kan wannan tafarki: a 1973 masu zaɓe suka ƙi amincewa da gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, a 1977 kuma suka amince a kashe kuɗi wajen hanzarta bas da jiragen da ke bin kan titi, har ya zama da wuya ka ga sun daɗe a danja.

Amma dabarar ba ta da amfani idan bas ta maƙale cikin cunkoso da nisa da mararraba, domin koren da aka tsawaita zai ƙare ba ta iso ba. Shi ya sa ake haɗa ta da layi na musamman, irin wanda Legas ta keɓe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Wurin tsayawa ma yana da tasiri. Idan tashar tana kafin danja, kwamfuta ba za ta san tsawon lokacin da fasinjoji za su ɗauka suna hawa da sauka ba, sai a riƙe kore a banza, mutanen ɗaya hannun suna jira. Saboda haka injiniyoyi suka fi son a kafa tashar bayan an tsallake mararrabar.