Mijina ya rasu, zan iya cike takardar haraji da sunanmu mu biyu?

Tambaya: Salam malam. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, maigidana ya rasu a watan Agustan 2024, direban tasi ne, ya bar ni da yara biyu ƙanana. Duk shekara tare muke cike haraji, shi ke kula da komai. Yanzu ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari.

Eh Hajiya, za ki iya. A wajen IRS, hukumar harajin Amurka, shekarar da miji ya rasu ana lissafa ku a matsayin ma'aurata har ƙarshenta, muddin ba ki sake aure ba kafin 31 ga Disamba. Kuma yawanci haɗawar ta fi sauƙi, don a 2024 dala 29,200 ake cire wa ma'aurata kafin a fara lissafin haraji, mai cikewa shi kaɗai kuwa 14,600 ne kawai.

Fom 1040 ɗin da kuka saba shi ne dai. Ki sa duk abin da kika samu a shekarar, shi kuma nasa daga Janairu zuwa ranar da ya rasu. In a takarda ne a rubuta "Deceased" a sama tare da sunansa da ranar rasuwar, wajen sa hannu kuma ki rubuta "Filing as surviving spouse". In kotu ta naɗa mai kula da dukiyar mamaci to shi ma sai ya sa hannu.

Amma ga inda nake so ki nutsu sosai. Da zarar kin sa hannu duk harajin da ke takardar ya hau kanki, har nasa, kuma direbobi da yawa ba a cire musu haraji daga abin da suke samu, su ne ke biya da kansu kashi-kashi, to in akwai wanda bai biya ba ke za a nema. Don Allah kar ki sa hannu kan abin da ba ki gani ba, ki tattaro fom 1099 ɗinsa (takardar da ke nuna kuɗin da aka biya shi a aiki), bayanan banki, rasit na mai da gyaran mota da inshora, rasit ɗin nan suna rage kuɗin harajin. Na san bayan takaba buɗe jakar takardunsa ba ƙaramin abu ba ne, ki samu wani ɗan'uwa ya zauna da ke.

Wa'adi yawanci 15 ga Afrilu ne, na harajin 2024 ya kasance 15 ga Afrilun 2025. Fom 4868 na ƙara miki lokacin cikewa zuwa 15 ga Oktoba, amma kuɗin dai a Afrilu ake son su.

Saboda yaran nan, a 2025 da 2026 ma za ki ci gaba da samun rangwame irin na ma'aurata, in ba ki yi aure ba kuma ke ke ɗaukar fiye da rabin hidimar gidan.