Furen akonit a Garwa: kada ka sa jarinka a ciki

Wani mai sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi a Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da wannan tambaya: "Wani mai otal ya nuna mini hoton wani dogon fure shuɗi a wayarsa, wai shi akonit. Yana son tushe hamsin, ya ce sau ɗaya ake shukawa, duk shekara ya sake fitowa. Ina da ƙane a Faransa da zai iya aiko mini. In sa kuɗina?"

Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka sa ko dala.

Mai otal ɗin bai yi ƙarya ba, akonit yana sake fitowa duk shekara, amma a ƙasarsa. Asalinsa tsaunukan Turai ne, irin na Faransa da Suwizalan, inda yake son ƙasa mai danshi da ɗan inuwa. Idan sanyi ya shigo sai ganyen ya mutu, saiwar ta kwanta a ƙasa har ƙanƙara ta narke, sannan ta tofo. Irinsa ma ba ya tsira sosai sai ya sha makonni cikin tsananin sanyi, kuma daga iri zuwa fure sai shekara 2 ko 3. To, a Garwa, inda zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, ina zai samu wannan hutun? Hunturunmu bai isa ba. Ko garin Ngaundere, da yake kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, ba zan ce ka gwada da kuɗin cefane ba.

Yi lissafi kuma. Yuro ɗaya sefa 656 ne. A ce ƙanenka ya samu kowane tushe a Yuro 5, hamsin sun haura sefa dubu 160 ke nan, ba a zo kuɗin jirgi ba, ba a zo kuɗin duwan (kwastan) ba, ga takardar lafiyar tsirrai da ake nema kafin shuka mai rai ta shigo ƙasa. In suka bushe a watan farko, mai otal ba zai je Faransa neman kuɗinsa ba, rumfarka zai zo.

Abin da ya fi damuna shi ne guba. Daga saiwa har fure duk dafi ne, ana kiransa akonitin, kuma 'yan miligiram kaɗan sun isa su kashe babban mutum. Baki ya fara mutuwa, amai ya biyo, bugun zuciya ya rikice, kuma babu makarinsa, likita sai dai ya yi ta tallafa wa zuciyar. Yana iya shiga ta fata, shi ya sa masu lambu a can ke sa safar hannu. Saiwar kamar ƙaramin karas take. Ka dubi rumfarka: yaran da ke yi maka ban ruwa da hannu tsirara, awakin unguwa da ke leƙo kai ta shinge, yaran da ke ɗaukar duk abin da suka gani. Mutum ɗaya ya kwanta, jarinka duka ba zai biya ba.

Mai otal launi yake nema. Ka kai masa fulumbago, mai fure shuɗi bau, ɗan Afirka ta Kudu ne, yana jure rana in yana samun ruwa, kuma da yankan reshe ake yaɗa shi, ka ga uwa ɗaya za ta yi ta ba ka kaya. A bangon otal ka sa buganbil, fure mai yaɗo. A bakin ƙofa ka jera kariya a tukwane, wadda ba ruwanta da fari (ita ma ƙaronta dafi ne, ka gaya masa a ajiye ta nesa da yara).

Ka karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami kafin ka cika leda ko ɗaya da ƙasa. Sannan ka nemi ya ba ka aikin ban ruwa da askin shukokin a kan kuɗin wata, a rubuce, ku biyun ku sa hannu.